Tsofaffin manyan babura da sana'ar gyaransu a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Runji: tarihi da shaidar harshe

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana bin diddigin shigowar babura a gundumomi uku na jahar Maraɗi, tun daga mobilet ta zamanin gyaɗa har zuwa baburan Sin da na Indiya. Muna nuna cewa manyan baburan tafiya mai nisa, duk da ƙarfinsu, ba su yi tsawon rai a ƙasar ba, alhali ƙananan da ake renawa sun daɗe suna aiki. Dalilin haka yana cikin kasuwar kayan gyara, da darajar kuɗi, da buɗewa ko rufewar iyaka. Kalmomin da ake ji a garaji suna riƙe da sawun wannan tarihi.

0. Gabatarwa

Masu binciken tarihin tattalin arzikin Maraɗi sun fi mai da hankali ga gyaɗa, da fatauci, da manyan ƴan kasuwa. Littafin Emmanuel Grégoire na 1986 a kan alhazan Maraɗi shi ne misali mafi shahara. Masu ƙananan sana'o'in da suka tsiro a gefen kwalta, kamar mai faci, da mai walda, da mai gyaran babur, ba su samu irin wannan kulawa ba, ko da yake da hannunsu ne ƙauye yake haɗuwa da kasuwa da gidan likita.

Tambayar da muka ɗora wa kanmu ita ce: me ya sa wani babur yake yin shekara ashirin ko talatin yana aiki a ƙasar rairayi, wani kuma, wanda ya fi shi tsada da ƙarfi, yake ƙarewa a jingine a bayan ɗaki kaji suna kwana a ƙarƙashinsa? Za mu fara da bayanin ƙasar da hanyoyinta, sannan mu jera zubin baburan da suka shigo, mu dubi sha'anin injin da na kuɗi, kafin mu zo ga abin da ya fi kusa da fagenmu, wato kalmomi. Za mu yi amfani da kalmar « babur » a duk tsawon maƙalar, duk da cewa « moto » ita ce ta fi yawa a bakin mutanen Nijar. Za a ga dalilin zaman kalmomin biyu tare a sashe na 6.

1. Ƙasar da hanyoyinta

Gundumomin uku suna kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso da Birnin Ƙwanni ta nufi Damagaram. Mai zuwa daga yamma yana ratsa Gidan Runji da Tsibiri kafin Maraɗi. Idan ya wuce gabas sai ya bi Cadawa, Agye, Gazawa, ya faɗa Tasawa. Gidan Runji tana wajen kilomita 50 daga Maraɗi, Agye kuma wajen 80. An ware Agye daga Tasawa a 1972, a shekarar da aka raba ƙasar Maraɗi aka fitar da Gidan Runji da Madarunfa. Gazawa ta samu gundumarta a 2011, da aka cire ta daga Agye.

Abin lura shi ne kwalta kaɗan ce a tsakiyar faɗin ƙasa. Da an sauka daga kanta, sai jigawa, da turɓaya, da hanyar amalanke mai zurfin sawu biyu, da gulbi wanda yake yanke ƙauyuka a damina. A kudu kuma iyakar Najeriya ce, da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, da barauniyar hanya ba iyaka. Abubuwa biyu ke nan da suka yanke hukuncin rayuwar kowane babur a wurin: ƙasa mai cin injin, da maƙwabciya mai masana'antu wadda take magana da harshe ɗaya da mu amma take lissafi da wani kuɗi.

2. Zubi huɗu na babura

2.1. Mobilet

Na farkon da ya zama na kowa shi ne ɗan ƙaramin babur mai feda na Faransa. Kamfanin Motobécane ya fitar da Mobylette a 1949, Peugeot kuma ta fitar da 103 a 1971. Injinsu bai kai cc 50 ba, mai bugu biyu ne, ana haɗa masa fetur da baƙin mai, kashi 4 ko 5 cikin 100. Malamin lakwal, da ma'aikacin likita, da magatakardan awon gyaɗa, su ne mahayansa. Da yake rabinsa keke ne, masu gyaran keke su ne suka fara taɓa shi, kuma daga cikinsu ne masu gyaran babur na farko suka fito. Sunan kamfani ya zama sunan jinsi: « mobilet » a hausar Nijar tana nufin duk wani babur mai feda, ko wane ne ya ƙera shi.

2.2. Baburan Japan ta hanyar Najeriya

Zubi na biyu ya biyo arzikin man Najeriya. Ƙarin albashin da aka sani da sunan Udoji, a 1974 da 1975, ya cika garuruwan arewa da Honda, da Suzuki, da Yamaha, da Vespa ta Italiya. An kafa wuraren harhaɗa su a kudancin ƙasar: Suzuki a Legas a hannun kamfanin Boulos, Honda a Ota daga 1979. Ƴan ci-rani da fatake suka tsallako da su. A daidai lokacin ne gyaɗa ta faɗi a Nijar, bayan farin 1973 da 1974 da cutar da ta kama ta a 1975, ƴan kasuwar Maraɗi suka juya ga cinikin tsallaken iyaka. Babur mai cc 100 zuwa 175 ya dace da wannan sabon ciniki: yana ɗaukar buhu, yana bin hanyar da mota ba ta bi.

2.3. Baburan furoje

Zubi na uku na ayyukan raya karkara ne, waɗanda jama'a suke kira « furoje ». Babban aikin raya karkarar Maraɗi, da kuɗin Bankin Duniya, ya fara a rabin ƙarshe na shekarun 1970. Asusun FIDA ya ɗauki nauyin wani a ƙasar Agye a shekarun 1990, aka ci gaba da shi a wani sabon tsari bayan 2000. Irin waɗannan ayyuka, da ƙungiyoyin agaji, sun saba raba wa malaman gona da masu rigakafi dogayen babura masu tsayin ƙafa, irin su Yamaha DT da AG da Honda XL. Idan aiki ya ƙare, akan yi gwanjonsu ko a bar wa ma'aikata. Nan ne rayuwarsu ta biyu take farawa, a hannun mai gyaran gari, ba tare da ma'ajin kayan gyaran furoje ba.

2.4. Manyan baburan hamada

Zubi na huɗu shi ne mafi ƙanƙanta a yawa, mafi girma a ido. Gasar Paris-Dakar ta farko ta tashi ranar 26 ga Disamba 1978, ta bi Tamanrasset, Agadas da Yamai, ta isa Dakar ranar 14 ga Janairu 1979. Cyril Neveu ne ya ci ta a kan Yamaha XT500, ya sake ci a 1980. Hubert Auriol ya ci a kan BMW a 1981 da 1983, Gaston Rahier a 1984 da 1985. Kamfanoni suka ga kasuwa, suka shiga ƙera manyan babura na tafiya mai nisa masu kama da na gasar: BMW R80 G/S a 1980, Yamaha XT600 Ténéré a 1983, Honda Transalp a 1987, Africa Twin a 1988. Mai nazarin harshe ba zai ƙi lura da cewa kalmar tamajak mai nufin hamada ta tafi Japan ta dawo a rubuce a jikin tanki ba.

Gasar kanta ta fi bin arewacin ƙasar. Amma a bayanta matasan Turai sun yi ta ratso Sahara ta In Gezzam, Asamaka da Arlit, mafi yawansu a tsofaffin motocin Peugeot da suke sayarwa su biya kuɗin jirgin komawa, wasu kuma a kan babura. Wanda ya sauko Damagaram yana nufin Yamai, dole ya bi ta Gazawa, Agye da Gidan Runji. Ta haka, da kuma ta hannun Turawa ma'aikata masu sayar da kayansu idan za su koma gida, ƴan tsirarun manyan babura suka zauna a ƙasar. Tawayen arewa daga 1990 zuwa 1995 da yaƙin basasar Aljeriya daga 1992 suka toshe wannan hanya. A Janairun 2000 ma sai da aka kwashe ƴan gasar ta jirgin sama daga Yamai zuwa Sabha ta Libiya saboda barazanar hari. Daga nan tsofaffin manyan babura sai ta tashar ruwan Kwatano da Lome suke shigowa, cikin kayan gwanjo.

3. Abin da ƙasa take yi wa injin

Maƙiyin farko ƙura ce. Iskar hunturu tana ɗauke da gari mai laushi wanda yake ratsa matatar iska idan ta yage ko ta bushe. Ya haɗu da baƙin mai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye zoben fistan da bangon silinda. Alamarsa hayaƙi, da shan mai, da raunin ja. Maganinsa a sauke injin, a kai silinda wurin mai injin gurza a birni ya faɗaɗa ta, a sa fistan mafi kauri. Kamfanonin Japan suna yin fistan na gyara hawa huɗu: ƙarin milimita 0,25 da 0,50 da 0,75 da 1,00. Ke nan silinda ɗaya tana da rai biyar, muddin ana samun fistan ɗin a kasuwa. Wannan sharaɗi shi ne ginshiƙin duk bayaninmu.

Maƙiyi na biyu man kwalba ne. Fetur ɗin da ƴan ruwa-ruwa suke sayarwa a bakin hanya ya bi jarka da mazurari da yawa kafin ya shiga tanki, yakan zo da yashi ko ruwa, wani lokaci da haɗin kananzir. Ƙaramin injin mai sassaucin matsi yana haƙuri da shi. Babban injin mai tsananin matsi yana ƙwanƙwasa, ya yi zafi, fistan ya ƙone.

A nan ya kamata a bambanta manyan baburan kashi biyu. XT500 silinda ɗaya gare shi mai cc 499, kafireto ɗaya, iska ce take sanyaya shi, da ƙafa ake tayar da shi, ƙafafunsa masu waya ne. Mai gyaran da ya san ƙaramin Honda zai gane shi, don girma ne kawai ya bambanta su. Amma baburan kwalta masu silinda huɗu, zuriyar Honda CB750 ta 1969, suna da kafireto huɗu waɗanda sai an daidaita su da ma'auni na musamman. Na baya-bayansu suna da ruwan sanyaya injin, da ƙafafun zubi, da rufin roba, da akwatin lantarki mai sarrafa wuta. Ƙafa mai waya idan ta lanƙwashe a rami, ana ɗaure wayoyin ta miƙe. Ƙafar zubi idan ta tsage, ta tafi. Akwatin lantarki idan ya ƙone ba a buɗe shi. Nauyin babur ɗin kuma, wanda yake ba shi natsuwa a kan kwalta, shi yake binne shi a rairayi.

Misalin da ya fi haskaka wannan batu shi ne Honda CG125. A 1974 kamfanin ya aika injiniyoyinsa kudu maso gabashin Asiya da Pakistan da Iran, suka tarar ana ɗora wa babura kaya fiye da kima, ba a canja baƙin mai sai ya zama kamar kwalta, matatar takarda kuma tana toshewa. Suka koma suka ƙera injin da yake jure wannan riƙo: sanduna ne suke tura bawul ɗinsa maimakon sarƙa mai hawa kan injin, matatarsa ta soso ce da ake wankewa a mayar. Ya fito a 1975. Shi ne kamfanonin Sin suka kwaikwaya daga baya, har ya zama fistan ɗin wannan yana shiga injin wancan. Babur ɗin da aka ƙera domin wanda ba ya kula da shi, shi ne ya gaji ƙasar.

4. Kuɗi da iyaka

Tarihin garaji a wannan yanki yana tafiya da tarihin naira da sefa. Daga Afrilun 1984 zuwa Maris 1986 gwamnatin sojan Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, a daidai yunwar da mutanen Nijar suka laƙaba wa sunan El Buhari. Motoci suka tsaya a shingaye, babura suka bi daji. A wannan lokaci ne haya da babur ta kafu a Birnin Ƙwanni, kafin ta bazu zuwa sauran garuruwan bakin iyaka da sunan « kabu-kabu ».

A Satumban 1986 aka saki naira ta faɗi. Ga mai riƙe da sefa, kayan Kano da Katsina suka yi araha. Kayan gyara suna tasowa daga kasuwar Nnewi a ƙasar Ibo, wadda ta shahara da su, su biyo ta Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano, su tsallako. A gefe guda kuma Motobécane ta karye, ta koma MBK, Yamaha ta mallake ta a 1986. Sai ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa, da yake sefa 50, ya koma 100. Duk abin da ake odarsa daga Turai kuɗinsa ya ninka dare ɗaya. Wannan ne ya yanke wa manyan babura hukunci. Mai BMW ko Ténéré a Maraɗi ba shi da kayansa a Katsina, don Najeriya ba ta taɓa cika da irinsu ba. Ba shi kuma da ƙarfin sayo su daga Faransa. Mai Suzuki 100 kuwa yana aika ɗan kabu-kabu Jibiya da safe, la'asar injinsa ya tashi.

Ka'idar da muka fitar ita ce: babur yana rayuwa gwargwadon yawan ƴan'uwansa a kasuwar da ta fi kusa. Ƙarfin ƙarfe da sunan kamfani suna biyo baya.

5. Dabarun masu gyara

Inda kaya suka yanke, dabara take farawa. Muna iya karkasa sauye-sauyen da ake yi wa tsofaffin babura gida uku.

Na farko, sauyi domin kaya. Ana walda sabon mazaunin kaya da rodi, a tsawaita sirdi ya ɗauki mutum uku, a ƙara ƙarfin sifirin na baya ko a ninka shi, a sa wayoyin ƙafa masu kauri. Ana kuma sa faranti mai yawan haƙora a ƙafar baya: gudu ya ragu, ja ya ƙaru, abin da ake bukata ke nan idan an ɗora buhun aya ko na wake daga gonakin Cadawa za a ratsa jigawa.

Na biyu, sauyi domin sauƙaƙawa. Yamaha DT da ire-irensa suna da famfo mai zuba baƙin mai da kansa. Idan ya tsufa ba a amince masa, don ranar da ya tsaya injin ya kama. Sai a cire shi a koma haɗa mai a tanki kamar na mobilet. Batir da ya mutu ba a maye shi, a ja fitila kai tsaye daga injin. Rufin roba na manyan babura, da zarar ya fashe, a kwance shi gaba ɗaya.

Na uku, aure tsakanin jinsi biyu. Ana ɗauko kafireton ƙaramin babur a ɗaura wa babba da guntun tiyo. Ƙarfi ya ragu, amma injin ya tashi kuma shan mai ya sauka. Ana neman fistan na wani injin mai kusan faɗi ɗaya a gurza silinda ta karɓe shi. Ana yanka gasket daga kwali. Ƙarshen wannan hanya shi ne a sauke babban injin baki ɗaya a ɗaura na Sin mai cc 125 ko 150 a cikin tsohon ƙarfen. Gangar jiki ta Japan ko Jamus ce, zuciya ta Sin. Mai sha'awar tsofaffin babura a Turai zai kira wannan ɓarna, don shi burinsa ya mayar da abu yadda ya fito daga masana'anta. Burin mai gyaran Gazawa dabam ne: mai shi ya je kasuwa gobe.

Wannan sana'a ta bambanta da ƙira ta wajen yadda ake samunta. Guy Nicolas ya bayyana yadda sana'o'i irin su ƙira da farauta suke zaman gado a dangogin kwarin Maraɗi. Gyaran babur ba gado ba ne. Uba yana kai ɗansa wurin mai garaji ya damƙa masa amana. Yaron ya fara da wanke ƙarafa da fetur da miƙa sifana, ya hau zuwa faci da ɗaure sarƙa, sai bayan shekaru a bar shi ya buɗe injin. Babu littafi, babu zane. Kunne da yatsa su ne ma'auni. Amma maƙeri bai fita daga lissafi ba, don shi da mai walda su ne suke ƙera abin da kasuwa ta rasa.

6. Shaidar harshe

Tun 1971 Claude Gouffé ya ja hankali ga kalmomin faransanci da suka shiga hausar Nijar. Garajin babur a bakin iyaka wuri ne na musamman, don a nan aro biyu suke zaune tare, kowane da abokin gabansa. Daga ɓangaren faransanci akwai moto, buji, bitesi, isansi, bidanji. Daga ɓangaren ingilishi, ta bakin Kano da Katsina, akwai fulogi, giya, fetur, birki, taya, salansa, kafireto, totur. Mutum ɗaya yana iya cewa « buji » ga malamin lakwal da ya kawo gyara, ya ce « fulogi » ga mai shago a Jibiya. Zaɓin kalma yana bin wanda ake magana da shi, yana kuma bin inda kayan suka fito. Abin da ake koya a lakwal ko a rubuta a takardar hukuma yana riƙe sunansa na faransanci. Abin da ake saye da naira yana zuwa da sunansa na kudu.

Kalmomin duka sun bi ƙa'idar sautin hausa. Ana raba baƙaƙe masu cunkoso da wasali, kamar a birki da fulogi. Sautin v na faransanci yana komawa b: « vitesse » ta zama bitesi, « vidange » ta zama bidanji. Wani lokaci harafin ma'arifa yana manne wa kalma, kamar yadda « l'école » ta ba da lakwal, « la clé » ta ba da lakile. Karin harshen yankin kuma yana ɗora nasa hatimi: inda Bakano yake cewa faci, fetur, fulogi, Bagobirin Tsibiri da Bakatsinen Maraɗi suna cewa hwaci, hetur, hulogi. Kalmar da ta ɗauki wannan sauti ta zama ƴar gida.

Akwai zubi na uku wanda ba aro ba ne, kuma shi ya fi armashi. An ɗauko kalmomin jiki da na doki an ɗora wa ƙarfe. Babur yana da ƙafa, da kai, da haƙora. Ana hawansa, yana da sirdi, yana kayar da mahayi. Yana shan mai, yana tashi, yana mutuwa. Wanda aka ɗauka a baya goyo ne. Fi'ilai kusan duka na hausa ne: a kwance, a ɗaure, a sauke, a wasa, a hura. Suna ake ara, aiki kuwa da harshen gida ake faɗarsa. Wannan yana nuna cewa kayan baƙi ne, amma ilimin sarrafa su a nan aka gina shi.

Ma'ana ma tana sauyawa da tsallaka iyaka. « Kabu-kabu » a Najeriya motar haya ce marar rajista, babur ɗin haya kuwa acaɓa ne a Kano. A Nijar kabu-kabu babur ne. Haka « ɗan Kwatano » ya tashi daga sunan gari ya zama sunan duk abin hawa na hannu da aka shigo da shi ta teku.

7. Daga gyara zuwa canji

Daga farkon shekarun 2000 baburan Sin, irin su Jincheng, Kasea da Haojue, sannan Bajaj Boxer na Indiya, suka mamaye kasuwa da farashin da manomi mai amfanin shekara ɗaya yake iya kaiwa. Garaji suka yawaita har a ƙauyukan da ba su taɓa ganin mai gyara ba. Sai dai aikin ya sauya kama. Tun da silinda da fistan da zobe suna zuwa a kwali ɗaya da araha, gurza silinda ya rage riba. Kafireto ba a cika gyara shi ba, a jefar a sa sabo. Yaron da ya koyi aiki a wannan zamani ya iya kwancewa da ɗaurewa da sauri, amma bukatar ya ƙirƙiro abin da babu ta ragu. Kalmomin awo ma sun koma na ingancin kaya: na asali, mai bi masa, jabu.

Sha'anin tsaro ya ƙara wani nauyi. An hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. An hana hawan babur a jahar Difa a 2015, a sassan Tilaberi a 2020, a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Zamfara a 2021. Daga 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka shigo gundumar Gidan Runji, aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Maharan da suka koro su a kan babura suke tafiya. Abin hawan da yake kai mai naƙuda gidan likita ya zama abin tuhuma, mai gyara kuma ya shiga tsakanin abokin ciniki da hukuma. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da na bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da janye tallafin fetur a Najeriya a Mayun 2023, sun sake nuna abin da 1984 da 1994 suka nuna: shawarar da aka yanke a Abuja ko Yamai tana sauka a kan tabarmar mai gyara cikin mako guda.

8. Kammalawa

Mun ga cewa zubi huɗu na babura sun shigo wannan yanki ta ƙofofi dabam-dabam, kuma wanda ya rayu a cikinsu shi ne wanda kayansa suke kasuwar kusa, injinsa yake buɗuwa da sifana uku ko huɗu. Manyan baburan tafiya mai nisa sun kasa cika sharaɗin farko tun 1994, masu silinda huɗu sun kasa cika duka biyun. Waɗanda suka saura sun saura ne da sassan wasu.

Abin da muke ganin ya fi gaggawa ga sashenmu shi ne kalmomin. Masu gyaran da suka fara da mobilet suka ratsa zamanin Suzuki da na furoje sun tsufa, kuma da yawa daga cikin sunayen da suke ba sassan injin mai bugu biyu suna fita daga amfani tare da injin ɗin. Muna ba da shawara ga ɗalibanmu masu neman batun digiri su tattara ƙamus na garaji a garuruwa uku ko huɗu na kan hanya mai lamba 1, su rubuta kowace kalma da karin sautinta, da shekarun mai faɗinta, da kasuwar da yake sayen kaya. Idan aka jera wannan kusa da abin da ake faɗa a Jibiya da Katsina, za a samu taswirar aro wadda za ta amfani masu tsara kalmomin koyar da sana'a da hausa, ta kuma ba masu tarihi ma'aunin da takardun duwan ba su ɗauke da shi.